Awon Iskar Shaƙa a Kewayen Tashoshin Wutar Kwal na Afirka ta Kudu

A gabas da birnin Johannesburg akwai wani shimfiɗaɗɗen tudu mai ciyawa da ake kira Highveld, wanda tsayinsa daga doron teku ya haura mita 1,500. A ƙarƙashin wannan tudu ne mafi yawan kwal ɗin Afirka ta Kudu yake kwance, har ma sunan ɗaya daga cikin manyan garuruwan yankin, eMalahleni, ma'anarsa ita ce "wurin kwal". Da yake jigilar kwal zuwa nesa tana da tsada, sai kamfanin wutar lantarki na ƙasar, wato Eskom, ya riƙa gina tashoshinsa a bakin ramukan haƙar kwal ɗin: Kendal da Matla da Kriel da Duvha da Kusile da sauransu. Tashar Kendal ita kaɗai an gina ta ne da ƙarfin megawat 4,116, wato kusan abin da babban layin wutar Nijeriya yake rarraba wa ƙasar baki ɗaya a ranaku da dama. Baya ga tashoshin, a garin Secunda akwai katafariyar masana'antar kamfanin Sasol wadda ke mayar da kwal man fetur.

A shekarar 2007 gwamnatin ƙasar ta ayyana yankin, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 31,000, a matsayin wurin da iskarsa ke buƙatar kulawa ta musamman. Shekaru goma sha biyu bayan haka, a 2019, wasu ƙungiyoyi biyu, groundWork da Vukani, suka kai gwamnati ƙara cewa ba ta yi abin da ta alkawarta ba. A watan Maris na 2022 babbar kotun da ke Pretoria ta yanke hukunci cewa gurɓatacciyar iskar yankin ta keta haƙƙin da sashe na 24 na tsarin mulkin ƙasar ya ba kowane ɗan ƙasa, na zama a muhallin da ba zai cutar da lafiyarsa ba. Alƙali ba ya yanke hukunci a kan cewa wani ya ji wari, ko wata ta ga hayaƙi. Sai da aka kawo alƙaluma. To, ta yaya ake samun alƙaluma a kan abin da ba a iya damƙarsa da hannu, wanda kuma sau da yawa ido ma ba ya ganinsa?

Abin da ke fita daga bututu

Kwal ba gawayi ba ne zalla. Ragowar tsirrai ne da suka binne tun miliyoyin shekaru, kuma tare da su aka binne laka da yashi da farar wuta. Idan aka niƙa shi kamar gari aka hura shi cikin tanderu, abubuwa uku ne suka fi damun mai awon iska.

Na farko shi ne iskar farar wuta, wadda masana ke rubutawa SO2. Lissafinta mai sauƙi ne, kuma ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya iya yin sa da ka. Nauyin ƙwayar zarrar farar wuta 32 ne, na oksijin biyu da take haɗuwa da su ma 32 ne, saboda haka duk kilo ɗaya na farar wuta da ya ƙone yana haifar da kilo biyu na SO2. Idan kashi ɗaya cikin ɗari na kwal farar wuta ce, tan ɗaya na kwal yana ɗauke da kilo 10 nata, zai kuma fitar da kusan kilo 20 na SO2. Kashi ɗaya cikin ɗari ba ya da girma a ido, amma babbar tasha tana ƙona dubban tan a kowace rana.

Na biyu shi ne iskokin naitirojin, musamman NO da NO2. Wani ɓangare nasu daga kwal ɗin yake fitowa, wani kuma daga iskar da ake hura wutar da ita, domin tsananin zafin tanderu yana tilasta wa naitirojin da oksijin, waɗanda a sarari ba sa kula juna, su haɗe. Na uku shi ne ƙura da toka. Kwal ɗin da tashoshin Highveld ke ƙonawa mai yawan toka ne ƙwarai, kuma ko da yake akwai na'urorin da ke kama mafi yawanta kafin ta kai bakin bututu, ɗan abin da ya kuɓuce shi ne mafi laushi.

Akwai kuma wani abu da ya kan rikita ɗalibai. Iskar SO2 da NO2 ba sa zama yadda suka fito. Cikin sa'o'i ko kwanaki sukan haɗu da tururin ruwa da wasu sinadarai a sama, su rikiɗe su zama ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfi. Wato wani kaso na ƙurar da mutum ke shaƙa a nisan kilomita hamsin daga tasha ba a matsayin ƙura ya fito daga bututu ba; a hanya aka haife shi. Wanda ya tsaya a kan auna tokar bututu kawai ba zai ga wannan kaso ba.

Daga hanci zuwa jini

Babban mutum yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a rana. Jiki bai bar ƙofar nan a buɗe haka kawai ba. Gashin hanci da majina suna tare manyan ƙwayoyi, kuma bangon maƙogwaro da hanyoyin numfashi yana lulluɓe da wasu ƙananan gasu masu kaɗawa, waɗanda ke tura majina da dattin da ta kama zuwa sama, a haɗiye ko a tofar. Wannan tsari yana aiki sosai a kan ƙurar da ido ke gani. Matsalar tana ga wadda ido ba ya gani.

Saboda haka ne masana suka raba ƙura gwargwadon girmanta. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin kai yakan kai maikuromita 50 zuwa 70. Ƙwayoyin da ba su wuce maikuromita 10 ba ana kiran su PM10, kuma suna iya wuce hanci su shiga ƙirji. Waɗanda ba su wuce 2.5 ba su ne PM2.5, su kuma sukan zarce har cikin ƙananan jakunkunan iska na huhu, waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi. A cikin waɗannan jakunkuna babu gashi mai shara, kuma tsakanin iska da jini babu komai sai wata tantani da ba ta kai maikuromita ɗaya ba. Ƙwayoyin garkuwar jiki sukan taso su haɗiye baƙon, su saki sinadaran da ke jawo kumburi, kuma idan abin ya zama na kullum sai kumburin ya wuce huhu ya taɓa jijiyoyin jini. Wannan ne dalilin da ya sa a lissafin masu mutuwa saboda gurɓatar iska, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suke da kaso mai yawa, abin da ke ba mutane da dama mamaki domin sun ɗauka tari ne kawai.

Ita kuwa SO2 halinta dabam ne. Tana narkewa a ruwa da sauri, don haka a danshin hanci da maƙogwaro take tsayawa, ta zama ruwa mai tsami. Mai lafiya zai ji ƙaiƙayi ya wuce, amma mai ciwon asma hanyoyin numfashinsa kan tsuke cikin mintoci kaɗan. Yara sun fi shiga haɗari, domin idan aka kwatanta da nauyin jikinsu sun fi manya shaƙar iska, ga shi kuma huhunsu bai gama ginuwa ba.

Ina za a ajiye ma'auni?

Wanda bai sani ba zai ce a kafa na'urar awo a gindin bututu. Nan ne kuwa wurin da ba za ta ga komai ba. Bututun tashar Duvha tsayinsa mita 300 ne, kuma hayaƙin yana fita da zafi da ƙarfi, ya ƙara tashi sama kafin iska ta kwantar da shi. Sai ya yi tafiyar kilomitoci kafin gefensa ya taɓa ƙasa. Mai gadin ƙofar tasha yana iya shaƙar iska mafi tsabta fiye da ɗan makarantar da ke wani ƙauye can nesa.

Dogon bututu dabara ce da ta bazu bayan bala'in da ya auka wa Landan a watan Disamba na 1952, lokacin da hayaƙin kwal na gidaje da masana'antu da tashoshin wuta ya haɗu da hazo ya zauna a kan birnin kwana biyar. Ƙididdigar farko ta ce mutum 4,000 suka mutu. Binciken da aka yi daga baya ya kai adadin kusan 12,000. Tsawaita bututu ya sauƙaƙa wa maƙwabta, amma bai rage ko kilo ɗaya na abin da ke fita ba. Hayaƙin Ingila da Jamus ya koma sauka a matsayin ruwan sama mai tsami a tafkunan Suwidin da Norwe, inda ya kashe kifaye.

A Highveld yanayi ma yana da nasa hannu. A ƙa'ida, iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama ɗumi, don haka takan tashi ta tafi da hayaƙi. Amma a darare masu sanyi marasa gajimare, musamman a hunturun can, wato daga Yuni zuwa Agusta, ƙasa takan huce da sauri, iskar da ke kanta ta yi sanyi ta yi nauyi, iska mai ɗumi ta zauna a samanta kamar murfin tukunya. Duk hayaƙin da aka yi a ƙarƙashin murfin nan, na murhu da na mota da na ƙona shara, a nan zai kwana. Hayaƙin dogon bututu kuwa yana saman murfin, yana shimfiɗe kamar zare. Da hantsi, idan rana ta gasa ƙasa, sai murfin ya fashe, iskar sama da ta ƙasa su cakuɗe, hayaƙin da ya kwana a sama ya sauko gaba ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan bayani, domin zai yi amfani nan gaba.

Don haka kafin a kafa tashar awo sai an tattara bayanin iska na aƙalla shekara guda: daga ina take busowa, da wane ƙarfi, a wane wata. Sannan a zaɓi wuri a inda iskar ke dosa, wani kuma a inda take fitowa domin kwatantawa, kuma a fifita wurin da mutane suke zaune, kamar harabar makaranta ko asibiti. Bakin da ke zuƙar iska yakan kasance mita kaɗan daga ƙasa, nesa da bango da bishiya da bakin titi. Gwamnatin Afirka ta Kudu ta kafa irin waɗannan tashoshi a eMalahleni da Middelburg da Hendrina da Ermelo da Secunda, kuma ana tura sakamakonsu zuwa wata ma'ajiyar bayanai ta ƙasa da kowa zai iya dubawa ta intanet.

Cikin ɗakin awo

Tashar awo ɗan ɗaki ne na ƙarfe mai na'urar sanyaya wuri, da sanda a kansa mai ɗauke da ma'aunin gudun iska da alkiblarta. Kowace iska da dabarar da ake kama ta. SO2 ana haska ta da wani haske da ido ba ya gani, mai suna ultrabayolet. Ƙwayoyinta sukan sha hasken su mayar da wani, kuma ƙarfin wanda suka mayar shi ke nuna yawansu. NO kuwa ana haɗa ta da iskar ozon a wani ɗan akwati mai duhu, haɗuwar tasu ta ba da ɗan ƙyalli, na'ura ta auna shi. Duk waɗannan suna ba da sakamako minti bayan minti.

Awon ƙura ya fi sauƙin fahimta, kuma hanyarsa ta asali har yanzu ita ce alƙalin sauran. A ɗauki takardar tacewa a auna nauyinta a sikeli mai tsananin laushi, a sa ta a na'ura mai famfo da ke zuƙar iska kubik mita ɗaya a kowace awa. Kubik mita shi ne cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya-ɗaya ne. A bakin na'urar akwai wani tarko da ke jefar da manyan ƙwayoyi, ya bar masu girman da ake nema su wuce. Bayan awa 24 a cire takardar a sake aunawa. Alal misali, idan ta ƙaru da miligiram 1.2, wato maikurogiram 1,200, sai a raba da kubik mita 24 da suka ratsa ta, a sami maikurogiram 50 a kowane kubik mita. Aikin yana da sharuɗɗa masu tsauri: dole a ajiye takardar a ɗaki mai daidaitaccen zafi da danshi kafin kowane awo, domin danshin da za ta sha kaɗai ya isa ya ɓata lissafi. Da yake wannan hanya ba ta ba da amsa sai bayan kwanaki, tashoshi da yawa suna amfani da wata na'ura mai tara ƙurar a kan zaren takarda, ta harba masa wani raunannen haske na nukiliya, ta gane nauyin ƙurar daga yawan hasken da ya kasa ratsawa. Wannan takan ba da sakamako duk awa.

Irin wannan ɗaki yana da tsada, kuma sayensa ne ma mafi sauƙi a cikin lamarin. Sai an riƙa gwada na'urorin da iskar da aka san adadinta, ana canza matatai, ana samun wuta ba yankewa. Wani abin takaici shi ne, a shekarun da Afirka ta Kudu ta yi fama da ɗauke wuta, tashoshin da aka kafa domin sa ido a kan masu samar da wutar su ma sukan mutu idan an ɗauke ta. Tashar da ta yi rabin shekara a kashe ba ta nuna cewa iska ta gyaru. Ba ta nuna komai ne kawai. Shi ya sa masana ba sa karɓar matsakaicin shekara sai an faɗi kashi nawa na kwanakin aka auna.

Akwai hanyoyi masu araha. Ɗaya ita ce ɗan bututun roba mai tsawon kusan santimita 7, wanda masanin nan Palmes ya fito da shi a 1976. Ƙarshensa ɗaya a buɗe yake, ɗayan yana da ragar ƙarfe da aka shafa wa sinadarin da ke kama NO2. Ba ya buƙatar wuta ko famfo. A rataye shi a jikin turke mako biyu zuwa huɗu, a kai ɗakin gwaji. Ba zai faɗi abin da ya faru ranar Talata da hantsi ba, amma da kuɗin tasha ɗaya ana iya baza ɗaruruwansa a zana taswirar gari. A 'yan shekarun nan kuma an sami ƙananan na'urori masu ƙirga ƙura da hasken leza, waɗanda ba su fi tafin hannu ba. Suna da amfani wajen nuna hawa da sauka, sai dai danshi yana ruɗa su, su ƙirga ɗigon raɓa a matsayin ƙura. Wanda zai kai sakamakonsu gaban hukuma, ya fara ajiye su kusa da babbar tasha na wasu makonni domin a san girman kuskurensu.

Nawa ne ya yi yawa?

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta. Ta ce matsakaicin PM2.5 na shekara kada ya wuce maikurogiram 5 a kubik mita, na yini kuma 15. PM10 na yini 45. NO2 na yini 25. SO2 na yini 40. Waɗannan shawara ce, ba doka ba. Kowace ƙasa tana kafa nata mizani, kuma na Afirka ta Kudu ya fi sassauci nesa ba kusa ba: PM2.5 na shekara 20, SO2 na yini 125. Ke nan gari yana iya cika sharaɗin doka alhali mazaunansa suna shaƙar ninki huɗu na abin da likitoci suka yarda da shi. Abin da ya ƙarfafa ƙarar Highveld shi ne, ko wannan mizani mai sassauci ma tashoshin awo sun nuna ana ƙetare shi a kai a kai.

Kalmar "matsakaici" ita ma tana buƙatar a yi hattara da ita. A ɗauka a wata rana SO2 ta tsaya a kan 10 har awa 23, sannan hayaƙi ya sauko ta kai 600 na awa ɗaya. Jimilla 830 ke nan, a raba da 24, a sami ƙasa da 35. A takarda ranar ba ta da laifi. Amma yaro mai asma da ke filin wasa a wannan awa ba matsakaici ya shaƙa ba. Saboda irin wannan ne aka sa wa SO2 wani mizani dabam na minti goma, wato 500.

Hayaƙin wane ne?

A nan ne gardama ta fi zafi. Na'ura tana faɗin abin da ke cikin iska, ba ta faɗin mai shi. A Highveld akwai ramukan haƙar kwal da manyan motoci da masana'antun narka ƙarfe da gobarar daji, ga kuma dubban gidajen talakawa da ke ƙona kwal a cikin garwar da aka huhhuda domin girki da jin ɗumi. Kowa yana iya nuna ɗan'uwansa.

Shaida ta farko ita ce agogo. A unguwannin yankin, ƙura takan yi tashi biyu a rana, da sassafe da kuma bayan faɗuwar rana, wato lokacin hura wuta a gida, kuma lokacin da murfin iska ke rufe. SO2 kuwa a wurare da yawa takan kai ƙololuwa ne da hantsi zuwa tsakar rana, sa'ar da murfin ya fashe hayaƙin dogayen bututu ya sauko. Shaida ta biyu ita ce alkiblar iska: idan adadi yana tashi duk lokacin da iska ta buso daga inda tasha take, an sami bakin zare. Ta uku ita ce tantance sinadaran ƙurar da takarda ta kama, domin tokar kwal da ƙurar hanya da hayaƙin itace kowanne da tambarinsa. Sannan akwai kallo daga sama. Tauraron ɗan adam na Turai mai suna Sentinel-5P, wanda aka harba a watan Oktoba na 2017, yana auna NO2 a faɗin duniya kullum, kuma a hotunansa lardin Mpumalanga yana cikin wuraren da suka fi ko'ina duhu. Sai dai tauraro yana auna dukan ginshiƙin iska ne daga ƙasa har sama, ba abin da ke daidai hancin mutum ba.

Gaskiyar da awo ya nuna ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi ɗari bisa ɗari ba. Ta fuskar yawan tan, tashoshi da masana'antu ne ke kan gaba da nisa. Ta fuskar abin da ke shiga huhun mai zama a unguwar talakawa a daren hunturu, garwar kwal da ke tsakar ɗaki tana da kaso babba, domin tana kusa. Amma bai kamata a mayar da wannan hujjar wanke kamfani ba, tun da talaucin da ya sa mutum yana kallon tashar wuta daga ƙofar gidansa amma yana girki da kwal shi ma abin tambaya ne.

Doka ta kuma wajabta wa kowace tasha ta sa na'urar awo a cikin bututunta ta riƙa kai rahoto. Raunin wannan tsari a fili yake, tun da mai laifi ne ke rubuta shaidar kansa. A ƙarshen 2020 an aika wa Eskom sammacin kotu a kan tashar Kendal, bisa zargin wuce iyakar hayaƙin da aka yarje mata da kuma ba jami'an kula da iska bayanan da ba daidai ba. Maganin SO2 kuwa sananne ne: a ratsa hayaƙin ta cikin ruwan farar ƙasa, ya kama fiye da kashi 90 cikin ɗari. Kusile ce tashar Eskom ta farko da aka gina da wannan na'ura. Da wata hanyar hayaƙinta ta rufta a watan Oktoba na 2022, ƙasar kuma tana cikin ƙarancin wuta, sai gwamnati ta yarda a 2023 a kafa bututun wucin gadi da ke kauce wa na'urar har zuwa lokacin gyara.

Daga alƙaluman bututu da na yanayi da na yawan jama'a ne masana ke ƙiyasta asarar rayuka. Wani masani ɗan Ingila, Mike Holland, ya ƙiyasta a 2017 cewa hayaƙin tashoshin kwal na Eskom yana jawo mutuwar mutum 2,239 a shekara. Ƙiyasi ne na lissafi, ba ƙirgen gawa ba, domin babu takardar mutuwar da ake rubuta "hayaƙin tasha" a kanta.

Ma'aunin da ke tsirowa da kansa

Tun kafin a ƙera ko ɗaya daga cikin na'urorin nan, masana tsirrai sun lura da wata halitta mai kama da ɓawo ko ƙyasfi, fara-fara ko kore ko ruwan ɗorawa, da ke manne a jikin itatuwa da duwatsu. Ana kiranta laikin. Ba tsiro ɗaya ba ce. Zaman tare ne tsakanin funfuna da gansakuka, inda funfunar ke ba da gida da danshi, gansakukar kuma ke haɗa abinci da hasken rana. Ba ta da saiwa, ba ta da fatar kakin da ke kare ganye, ba ta da ƙofofin numfashin da za ta rufe. Duk abin da ke cikin iska da raɓa shi take sha da dukan jikinta, kuma SO2 tana lalata koren sinadarin gansakukar, sai gidan duka ya mutu.

A 1866 masanin nan William Nylander ya lura cewa laikin ya ƙaurace wa tsakiyar birnin Faris in ban da lambun Luxembourg. A 1970 Hawksworth da Rose suka tsara wani mizani mai hawa daga 0 zuwa 10 domin Ingila da Wales, wanda ke danganta nau'o'in laikin da ke jikin itace da yawan SO2 na hunturu. A inda iska ta fi ɓaci ba a samun komai. Sai masu kama da ɓawo su fara bayyana, sannan masu kama da ganye, a iska mai tsabta kuma a ga masu reto kamar gemu. Amfanin laikin shi ne yana ba da labarin shekaru, ba na yini ba. Amma mizanin Ingila ba ya aiki a wata ƙasa sai an sake gina shi da nau'o'in wurin, kuma a busasshen yanki mai yawan gobarar daji rashin laikin yana iya zama saboda fari ne kawai.

A yankin Sahel

Manyan tashoshin Nijeriya da gas da ruwa suke aiki, kuma gas ba ya fitar da toka ko farar wuta mai yawa, ko da yake yana fitar da iskokin naitirojin. A Nijar kuwa akwai tashar kwal ta kamfanin SONICHAR a Anou Araren, kusa da Tchirozérine a jihar Agadez, wadda ta fara aiki a 1981 domin ba ma'adinan yuraniyom na Arlit da garuruwan yankin wuta. Ƙarfinta bai kai megawat 40 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na Kendal. Duk mai son awon iska a irin wannan wuri zai gamu da matsalar da babu irinta a Highveld, wato ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda a ranar hazo ita kaɗai takan ninka mizanin PM10 sau da yawa. A nan, ma'auni ɗaya ba ya faɗin komai. Sai an sa biyu, ɗaya kafin iska ta iso tasha, ɗaya bayan ta wuce, a ɗauki bambancin, a kuma dogara ga SO2, wadda hamada ba ta samar da ita.

Wannan dabara ta ma'auni biyu ajin kimiyya na sakandare zai iya gwada ta a kan babban janareto na makaranta ko na kasuwa. A yanka farin kwali guda goma masu girma ɗaya, a zana murabba'i mai santimita biyar a kowanne, a shafa masa man basilin kaɗan. A rataye biyar a inda hayaƙin ke dosa, a nisan mita 5 da 10 da 20 da 50 da 100, sauran biyar kuma a ɗaya gefen a daidai wannan nisa, duka a tsayi ɗaya kuma a ƙarƙashin 'yar rumfa. A ajiye kwali na goma sha ɗaya a cikin rufaffen ambulan, domin a san dattin da hannu da man kansa suka kawo. Kowace rana a rubuta alkiblar iska da awannin da injin ya yi aiki. Bayan mako guda a ƙirga ɗigon da madubin ƙara girma, a ware baƙaƙe daga masu launin ƙasa. Kwalin ba ya kama PM2.5 yadda za a iya ƙirgawa, manyan ƙwayoyi kawai yake nunawa, don haka a rubuta wannan a saman rahoton, sannan a maimaita gwajin sau ɗaya da damina, sau ɗaya da hunturu.